Baba na shirin sayar da fili, ni kuwa ina shakkar gwajin matuƙan jirgi

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina gaisuwa da fatan an wuni lafiya, ya aiki, ya jama'a. Ina gaida masu sauraron wannan shiri duk inda suke. Ina roƙon a sakaya sunana, don a unguwarmu kowa ya san kowa.

Ni budurwa ce, shekarata 21, haifaffiyar Maraɗi. Na ci bak seri C, wato jarrabawar gama sakandare ta ɓangaren lissafi da kimiyya, yanzu ina karatun lissafi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Abin da nake so a rayuwa shi ne tuƙin jirgin sama, irin na fasinja. Ba kan kasancewata mace na rubuto ba, wannan an wuce wurin a gidanmu. Tun 2015 da aka ji labarin Uma Lawali ta zama mace ta farko da ta tuƙa jirgi a sojan saman Nijar, masu yi mini dariya suka ragu, Baba kuma ya fara ɗaukar maganata da gaske.

A Yamai akwai makarantar EAMAC da aka kafa a 1963, ta hukumar ASECNA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama a ƙasashen Afirka da dama, amma masu ba jirage umarni daga hasumiya take horarwa, da masu hasashen yanayi da masu kula da na'urori. Mai son tuƙi sai ya fita waje: ko kwalejin Zariya da ke nan kusa da mu tun 1964, ko Adis Ababa, ko Tuluz a Faransa, ko Afirka ta Kudu. Na aika takarduna wata makaranta da ke koyarwa da Ingilishi, sun amsa, sun ce in zo gwajin zaɓe nan da 'yan watanni. Wannan gwajin ne ya hana ni barci.

Malam, tun ina firamare ban san faɗuwa jarrabawa ba. A ba ni littafi, a faɗa mini rana, shi ke nan. To wannan gwaji ba shi da littafi. Gaban kwamfuta ake zaunar da mutum, a sa masa abin sauraro a kunne, a ba shi sandar tuƙi a hannu, wani wurin har da abin takawa na ƙafa. Akwai lissafin ka, ba biro ba takarda: jirgi na gudun not 240, wato mil 240 na teku a awa, mil nawa zai ci cikin minti 15? Mil 60. Yana sama ƙafa 35,000, daga wane nisa zai fara sauka? A ninka 35 sau uku, mil 105. Ya fuskanci digiri 070 a kamfas, in ya juya baya ina ya dosa? 250. Wannan ɓangaren ba ya ba ni tsoro, illa dai sai da na saba da ƙafa da mil na teku, mu da aka rena da mita. Mil ɗaya na teku kilomita 1.852 ne, na haddace shi kamar sunana. Akwai kuma inda za a nuna maka kamfas da agogon da ke nuna karkatar jirgi, ka zaɓi hoton jirgin da ya dace da su cikin daƙiƙa kaɗan. Da farko kaina juyawa yake, yanzu na samu kansa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin haɗa aiki da yawa lokaci guda. Akwai wani ɗigo a allo da ke ta zillewa, kai kuma ka riƙe shi a tsakiya da sanda. Kana cikin haka murya na karanto lambobi a kunnenka, ba ka san inda za ta tsaya ba, in ta tsaya a ce ka maido na ƙarshe da baya-baya. A gefe kuma ga wasu agoguna, duk wanda allurarsa ta shiga ja sai ka danna maɓalli. Kowanne ɗaya in aka ba ni shi kaɗai ina yi da kyau. Da an haɗa su sai in ji wuyana ya sage, in ƙura wa ɗigon ido, lambobin su wuce ni kamar ba da ni ake ba. In na koma kan lambobin, ɗigon ya gudu can lungu. Kuma in na yi kuskure ɗaya sai zuciyata ta tsaya a kansa, ina lissafin makin da na rasa, kafin in farga na ƙara uku a kai.

Da kwamfutar Yayana nake gwadawa da dare, in an samu wuta. Sandar kuwa wurin wani mai gidan wasan bidiyo na aro ta, ta tsufa har tana karkata hagu da kanta, sai na riƙa tallabe ta. Abin takawa na ƙafa ban taɓa ganinsa da idona ba. Wani dare ƙanena, wanda da ƙyar yake haye aji, ya ce in ba shi ya taɓa. Ya zauna yana cin gyaɗa da hannun hagu, sanda a dama, yana ma tsokanar autarmu, ya tashi da makin da ni ban taɓa kaiwa ba. Ya miƙo mini sandar ya ce, "Yaya, ai ba kallon ɗigon ake ba, barinsa ake a gefen ido." Ya fita abinsa. Inna da ke zaune a tabarma ta ce ita ba ta ga abin wahala ba, mace na daka da goyo a baya, ido na kan tukunya, kunne na wurin mai sallama, ba ta taɓa jin an ba wata takardar shaida a kan haka ba. An yi dariya, ni ma na yi, amma abin ya zauna mini.

Na kai maganar wurin mutum biyu da nake ganin girmansu, suka ba ni amsa biyu masu karo da juna. Wani malaminmu ya ce baiwa ake nema a irin wannan gwaji. Ya ce an ƙirƙiro shi ne don horar da matuƙi na cin kuɗi mai yawa, ana so a tace waɗanda za su kasa tun kafin a kashe musu ko sisi. A ganinsa wanda ya yi ta maimaitawa har ya haye, kansa ya yaudara, don ranar da injin ya mutu a sama ba a maimaita wa kowa. Ɗayan kuwa wani abokin Kawu ne da ke aikin hasumiya, ya ce wannan maganar zaure ce. Ya ce duk duniya masu neman gurbin nan shiri suke yi, har cibiyar binciken jiragen sama ta Jamus, DLR, wadda gwajinta ya yi suna wajen tsanani, ita da kanta take ba 'yan takara manhajar da za su yi atisaye da ita kafin ranar. Ya ce ƙanena bai fi ni ƙwaƙwalwa ba, ya dai shekara da shekaru yana wasa a waya, hannunsa da idonsa sun saba, ni kuwa biro na sani. Ya ba ni shawarar in riƙa yin kaɗan kullum maimakon in kwana a kai, in bar abin da na riga na iya in fuskanci wanda nake gudu, kuma in koyi yafe wa kaina kuskure nan take in wuce gaba.

Zuciyata ta fi karkata ga maganar na biyun, amma ina tsoron don ita ce mai daɗin ji. Makina yana hawa, ba zan ce ba ya hawa ba, sai dai tafiyar hawainiya yake. Ta yaya mutum zai gane bambanci tsakanin abin da bai saba ba da abin da Allah bai ba shi ba? Wannan ita ce babbar tambayata, Malam.

Da a ce ni kaɗai abin zai shafa, da na je na gwada sa'ata kawai. Amma kuɗin karatun nan miliyoyi ne. Lasisin tuƙi na kasuwanci yana bukatar kamar awa 200 a sama, kowace awa kuwa da kuɗin mai da na jirgi da na malami, sannan kafin mutum ya cancanci zama kyaftin na babban jirgi sai ya tara awa 1,500. Baba atamfa yake sayarwa a kasuwa, ba Alhajin tirela ba ne. Fili ɗaya gare shi a bakin hanyar Ɗan Isa, wanda ya daɗe yana cewa na ƙannena maza ne in sun tashi aure. Yanzu ya ce zai sayar. Dillali ya fara zarya, kuma Baba ya riga ya faɗa wa abokansa na majalisa cewa 'yarsa za ta zama direbar jirgi. Abokiyar zaman Inna ba ta ce komai ba, kuma ba na ganin laifinta in ta ce, don da 'ya'yanta a cikin masu filin. Ni so nake a dakata sai na ci gwajin, na kuma haye binciken likita. Amma in na ce wa Baba ya dakata, zai tambaye ni dalili, ni kuwa ban taɓa ce masa "ƙila in faɗi" ba a kan kowace jarrabawa. Wasu wuraren ma in mutum ya faɗi sai ya jira shekara ko fiye kafin a sake karɓarsa, wasu ba sa sakewa. Wace hanya zan bi in faɗa masa ba tare da na karya masa gwiwa ba, ba kuma tare da ya ɗauka na janye ba? Ta bakin Inna zan bi, ko Kawu, ko ni da kaina ya fi?

Akwai kuma ɓangaren ganawa da alƙalan zaɓe, da aikin rukuni, inda za a haɗa 'yan takara a ba su wata matsala su warware ana kallonsu. Abokin Kawu ya ce ba amsar suke bi ba sosai, suna duba wa ke sauraro, wa ke danne mutane, wa ya ga kuskure ya yi shiru. Ya ba ni labarin haɗarin tsibirin Tenerif na 1977, inda jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. A cikin ɗakin tuƙin ɗayan an samu wanda ya yi shakka ya tambaya, kyaftin ya amsa da ƙarfin gwiwa, aka ci gaba. Tun daga irin waɗannan haɗurra ake koya wa ƙaramin matuƙi ya buɗe baki ya ce wa babba a'a. To Malam, ka san tarbiyyarmu. An koya mini kada in haɗa ido da babba, kada in katse shi, in ya yi kuskure in nemi hanya mai laushi ko in bari sai an watse. Ba na jin wannan tarbiyya aibi ce, kuma ba na so in zubar da ita don neman aiki. Amma in na zauna gaban dattijo mai furfura ina sunkuyar da kai, zai rubuta cewa ba ni da ƙarfin hali. Kai da kake zama da manya kana faɗa musu gaskiya a rediyo ba tare da ka ci mutuncinsu ba, yaya ake yi? Ga shi duk da Ingilishi za a yi, ni kuwa da Faransanci na yi karatu. Hukumar jiragen sama ta duniya ta gindaya cewa matuƙi mai ƙetare ƙasashe sai ya kai mataki na 4 cikin 6 a Ingilishi. Ina ji, ina karantawa, amma in na ruɗe Faransanci ke riga fitowa.

Saura abu biyu a taƙaice. Jinina AS ne. Abin da na karanta, SS ce ke hana samun takardar lafiya aji na ɗaya da ake nema wurin matuƙin kasuwanci, AS kuwa yawancin hukumomin farar hula ba su hanawa da ita, likitansu ne ke dubawa ya yanke. Wata 'yar uwa ta ce in ba a tambaya ba kada in faɗa. Ni ban ga yadda zan fara aikin da rayukan mutane ke hannuna da ɓoye-ɓoye ba, amma ina so in ji ta bakinka. Sannan wani ya rubuto mini a Facebook wai yana da ainihin tambayoyin gwajin, in tura jaka hamsin ya turo. Ban tura ba. Na ambata ne don na san ba ni kaɗai ya rubuta wa ba, ƙila a cikin masu sauraro akwai wanda ke shirin turawa.

In akwai matuƙi ko matuƙiya a cikin masu jin wannan shiri, ko wanda ya taɓa zama wannan gwaji ko da bai ci ba, ina roƙon ya bar saƙo a gidan rediyo a haɗa mu. Na fi bukatar jin wanda ya fara da rauni a wurin haɗa ayyuka, in ji ko ya gyaru da atisaye, da kuma tsawon lokacin da ya ɗauka. Maganar Baba kuwa ita ta fi gaggawa, don dillalin ya ce ya samu mai saye, kuma jira yake Baba ya sa rana.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da basira. Na gode.

'Yarka,
wata ɗaliba daga Maraɗi