Tasin sama da ƙarfen sabis

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya Hajiya da ƙafar tata? Ka yi haƙuri da shiruna na kwana biyu, karatu ne ya sa mu a gaba.

Wallahi jiya kai na tuna. An kai mu kallon jirgin kamfanin EHang, a nan Guangzhou ta ƙasar China hedkwatarsu take, EH216-S suke ce masa. Kujera biyu, farfela 16, ba matuƙi ba sitiyari, daga tsaye yake tashi. Tun Oktoban 2023 hukumar jiragen sama ta ƙasar nan ta ba shi takardar shaida. Kowa ya ɗaga waya yana bidiyo ni kuwa hankalina na kan mutanen da ke zaune a ƙasa gaban kwamfuta suna bin sa, don duk abin da jirgin ke ciki ta sabis ɗin waya yake isa gare su.

Ka tuna sanda nake raka ka aikin ƙarfen sabis, kana can sama da sifana kana sunkuyar da eriya ni ina ƙasa riƙe da igiya cikina na ƙugi? To a nan gizo ke saƙar. Duk eriyoyin nan ƙasa kuka sa su kallo, tunda masu waya a ƙasa suke. Jirgin da ke mita 200 ko 300 a sama ɓurɓushin sigina kawai yake tsinta, kuma da yake babu gini babu bishiya tsakaninsa da kowa sai ya riƙa jin ƙarafa da yawa lokaci guda, kamar baƙo ya shiga Kantin Kwari kowane mai shago na jan rigarsa, ya kama wannan ya saki ya kama wancan, shi ma in ya tura bidiyo ya dame wa na ƙasa layi. Na gwada a saman wani dogon bene, sabis cike fal amma kiran sai tsinkewa yake. Kira ya yanke ka sake bugawa, to jirgi ɗauke da mutum biyu fa?

Shi ya sa yanzu suke ta maganar 5G-A, wato sabis ɗin 5G da aka ƙara ingantawa. Ana kafa eriyar da ke kallon sama, a ware wa jirage layinsu daban kada cunkoson masu TikTok ya shafe su, ƙarfen kuma ya yi aikin rada ya hango abin da ke shawagi ko da bai da sim. A Shenzhen na ga ƙaramin jirgi marar matuƙi na Meituan, kamfanin kai abinci, ya sauke abinci a akwati cikin lambu. 6G dai sai wajen 2030 suke cewa, ni ban cika zumuɗi ba. Ka ga a Janairun 2022 a Amurka sai da wasu kamfanoni suka soke tashi don tsoron kada 5G ya rikita na'urar auna tsayi ta manyan jirage.

Don Allah in ka hau ƙarfe ka ɗauko min hoton bayan eriyar inda ake saita sunkuyon, malaminmu nake so in nuna wa. Kuma in wani ɗan kasuwa zai taho a haɗo ni da yaji da kuka, nawa sun ƙare tun azumi.

Ka gaida su Hajiya da yara.

Naka.