Wasiƙa zuwa Garwa ta ƙasar Kamaru a kan shan man tsohuwar mota

Zariya, Jihar Kaduna

Zuwa ga aminina Malam Bello,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Hajiya da yara, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, kuma na karanta kukan da ka yi da Peugeot 504 ɗin da marigayi Baba ya bar maka, wadda ka ce ta zama tamkar ɓulallen tulu, kullum zuba mata kake yi amma ba ta riƙewa. Da na zo inda ka ce za ka sayar da ita ka koma kan babur sai na yi murmushi, domin ni ma na taɓa kai tawa Golf ɗin har bakin dillalai kafin na sake shawara.

Ka san tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta tashi zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin 2024 ta fita ta haura 1,000. Na san ku ma abin bai bar ku ba, tunda man da kuke kira zuwa-zuwa daga nan yake tsallakawa. Sai a lokacin na gane cewa shekara da shekaru motata tana ɓarnar mai, arha ce kawai ta rufe mini ido.

Kafin ka ba wa kowane bakanike ko sisi, ka fara aunawa. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka rubuta lambar da ke kan mitar kilomita, ka yi zirga-zirgarka yadda ka saba, sa'an nan ka koma gidan man nan ka sake cikawa, ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Allurar geji ta tsohuwar mota ba abar dogaro ba ce, kuma mai sayen lita biyar yau, uku gobe, ba zai taɓa sanin gaskiyar motarsa ba. Ni da na auna tawa, kilomita 8 na samu a kowace lita, a motar da injinta bai kai a kira shi babba ba.

Wani dattijon bakanike ne ya gano mini ciwon, kuma bai kwance komai ba da farko. Ya tayar da motar da sanyin safiya, ya ji fankar lagireto ta kama juyi tun daga murɗa makulli, ya dafa babban tiyon ruwa na sama ya ji ya fara ɗumi tun ba a je ko'ina ba, sai ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya cire maka tamostat?" Ashe tun ranar da na sayo ta kwatano, yaron da ya fara duba ta ya zare wannan ɗan ƙarfe da ke tsare ruwa har inji ya yi zafi, ya kuma haɗa fanka kai tsaye, wai motar ƙasar sanyi ce, ba za ta jure ranarmu ba. Wannan al'ada ta cika garejinmu, kuma kuskure ce. An ƙera inji ne ya yi aiki da zafin da ya kusa digiri 90, kuma muddin bai kai can ba, ƙwaƙwalwar motar, wato na'urar da ke auna wa inji mai, tana ɗauka har yanzu asuba ce, sai ta yi ta ƙara masa mai. Da aka mayar da tamostat, aka wanke lagireto, aka gyara wayar fanka, aka canza fulogi, awon da na sake yi ya ba ni kilomita 11, kuma har yau motar ba ta taɓa tafasa ruwa ba, ko a zafin Afrilu.

Taka motar ba ta da ƙwaƙwalwa, kafireta gare ta mai haɗa mai da iska, amma ka sa a duba ko tamostat ɗinta na nan, domin inji mai sanyi ba ya ƙone mai da kyau ko wane iri ne. Bayan haka ka sa a kwance fulogi ɗaya a gabanka ka dubi bakinsa da idonka. In ya yi launin ƙasa-ƙasa, to, lafiya lau. In kuwa ya yi baƙi ƙirin da busasshen gawayi, kuma salansa tana fitar da baƙin hayaƙi idan an taka totur, mai ya rinjayi iska. Sau da yawa laifin cok ne, mai rage iska don mota ta tashi da sanyi, da ya maƙale bai koma ba, ko sulo da aka ɗaga don kada mota ta riƙa mutuwa a mahaɗar hanya, ko kuma matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe. Wannan na ƙarshe ya fi cutar da motarka a kan tawa, saboda kafireta ba ta da dabarar rage mai idan iska ta ragu, zuƙa kawai take yi. Ka nemi tsohon hannu wanda ya san saitin kafireta da kontak da lokacin wuta, ba wanda zai murɗa sukuru da ka ba. Irinsu sun fara ƙaranci, ko a nan da muke maƙwabtaka da Kaduna, inda aka fara harhaɗa Peugeot tun 1975.

In kana jin warin fetur a cikin mota ko a inda ta kwana, ka bi tiyon mai da murfin tanki, don robar da ta shekara talatin tsagewa take yi. Tunda kuma nakan ji kana shan man kwalba a bakin titi, ka riƙa canza matatar mai a kai a kai.

Duba taya da birki kuma ba ya cin kuɗi. Ka riƙa auna iska duk mako biyu da safe kafin taya ta yi zafi, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa, ba abin da mai faci ya ga dama ba. Bayan ka yi 'yar tafiya, ka kusanto da bayan hannunka ga kowane wili, wanda ya fi sauran zafi birkinsa yana riƙewa, kana jan sa ne da kuɗinka. Kariyar ɗora kaya da ke kan rufi ma ka sauke ta in ba tafiyar ƙauye za ka yi ba, ka kuma kwashe tarkacen da na san ka tara a but.

Saura ƙafarka, kuma a nan ba zan ɓoye maka ba, na tuna yadda kake tuƙi tun muna samari. Fizgar mota daga tsaye da taka birki a ƙurarren lokaci su ne suke shanye tanki a cikin gari. Ka riƙa sa babbar giya da wuri, ka hango abin da ke gaba ka ɗaga ƙafa tun daga nesa. A doguwar hanya irin ta Garwa zuwa Marwa ka tsaya tsakanin gudun kilomita 80 da 90 a awa, domin daga nan kuma iska ce kake biya wa mai. Ɗumama mota na minti goma da safe ba shi da amfani, minti ɗaya ya isa, sai ka tashi a hankali. Amma ina roƙonka kada ka bi direbobin haya da ke kashe inji a gangara, domin birki yana yin tauri idan inji ya mutu, kuma sitiyari kan iya kullewa. Maganaɗisun da ake ɗaura wa tiyo da ƙwayoyin da ake jefawa a tanki kuwa, na sayi ɗaya, na auna, ban ga bambancin ko cokali ba.

Ka yi awon tanki biyu kafin gyara da biyu bayansa, ka aiko mini da lissafin, tare da hoton fulogin da aka cire, zan nuna wa dattijon nan in ji abin da zai ce. Ka gaishe mini da Hajiya da yara, da Liman in kun haɗu a masallaci.

Wassalam, naka har kullum,
Malam Garba