Zuwa ga Yaya, kan maganar jinin Abba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da iyali da Inna. Ya ƙafar tata? Mu nan Ingila lafiya lau, sai sanyi, shi ma da sauƙi.

Maganar da Gwaggo ta kai wa Inna ce ta sa na zauna rubutu. Wai Turawa sun riƙe jaririnmu Abba a asibiti suna zuƙe masa jini, wai ni na sa hannu aka biya ni, har da cewa da kuɗin ne na turo na rago. Wallahi Yaya ranar da na ji ban runtsa ba. Ka zaunar da Inna ka karanta mata wannan a hankali.

Gaskiya ne an ɗebi jininsa, kuma ni na sa hannu, amma ko kwabo ba a ba ni ba. Washegarin haihuwa sukarin jininsa ya faɗi ƙasa da 2.6, ya yi laushi, ya ƙi kama nono. Suka kai shi ɗakin jarirai, suka zura masa wani siririn bututu ta cibiya suna ba shi ruwan sukari. Likitar ta ce dole a gano dalili: ko insulin, wato sinadarin da ke rage sukari a jini, ne ya yi masa yawa, ko kuma sinadarin girma ne ya gaza, wanda wata 'yar ƙwaya kamar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa take fitarwa. Irin waɗannan sinadaran su ake kira homon.

To ga inda maganar take. Jiki ba ya sakin su a jere kamar ruwan kogi. Kamar famfon unguwarmu ne, ya kawo da ƙarfi, ya ɗauke, can an jima ya sake kawowa. Baƙon da ya leƙo sau ɗaya ya tarar da shi a bushe zai rantse ba ma samun ruwa. Haka awo ɗaya yake iya yaudarar likita. Shi ya sa suka nemi izinina su riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, kowane minti 20, na wasu awoyi, su ga hawa da saukar homon ɗin. Sun ce abin da aka gano zai amfani wasu jariran ma, kuma in na ƙi ba abin da zai ragu a kulawarsa.

Ina tsaye a kansa aka yi komai. Ba a sake huda shi ba, ta bututu ake ja, yana ta barcinsa da 'yar hular ulu a ka. Kowane ɗiba ɗigo ne kawai, nas ɗin tana rubuta adadinsa a takarda, domin jinin jariri mai kilo 3 gaba ɗaya kusan rabin ledar fiya wata ne, ba su wasa da lissafinsa. Duk da haka da na ga ja a cikin sirinji sai da hannuna ya yi rawa. Na tuna a gida da yanzu yana cinyar Inna, ga dangi cike da tsakar gida. A nan ni kaɗai na yi masa huɗuba, a tsaye, injina suna ta ƙara.

Alhamdu lillahi sakamako ya yi kyau, sukarin ya daidaita, mun dawo gida. Hudar dunduniya da Gwaggo ta gani a hoto kuwa, wannan kowane jariri a ƙasar nan ana yi masa a kwana na 5, har sikila ake dubawa. Maijego tana samun ƙarfi. Na koma aikin dare, da safe in dafa mata ruwan wanka kafin in kwanta. Ba komai, ana yi.

Kuɗin da na turo guminna ne na gidan kula da tsofaffi. Ka riƙe su a hannunka. Rago ɗaya mai kyau, goro da dabino, amma a fara saya wa Inna maganinta na wata biyu. Kada ka ba Auta ko sisi ya ce zai je kasuwa, ka san abin da ya faru da na azumi. Kai da Kawu za ku je. In farashi ya tashi ka gaya min kafin ka ci bashi.

Gwaggo kuma kada a yi mata faɗa, uwa ce. Ka dai nuna mata hoton da na turo jiya ta ga kumatunsa. Ka roƙar min Inna gafara, na ɓoye mata ne don kada hawan jininta ya tashi, na san ban kyauta ba.

Maganin Inna fa, Yaya, na wata biyu, kafin a taɓa komai. Ka gaishe min da Malam, a sa Abba a addu'a.

Ƙaninka.