Zuwa ga ɗana, kafin tafiyarsa Arizona

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan kowa ƙalau. Ummanka ce ta kawo mini maganar cewa kai da abokanka uku kun ƙulla za ku ɗauki hayar mota ku zaga jihar Arizona ta Amurka a hutun watan Yuli, wai ka ce ta fara lallaɓo ni tukuna. Ba sai an lallaɓe ni ba, ka je. Wanda ya shekara biyu a Mishigan, daga aji sai ɗaki sai ƙanƙara, ya cancanci ya ga rana. Sai dai ka karanta takardar nan har ƙarshe, don na taka ƙasar tun kana goye, lokacin da ma'aikatarmu ta tura mu kwas ɗin noman rani a Tusan, kuma da ƙyar na sha.

Abin da ya ruɗe ni shi nake ji maka: ƙasar ta yi kama da gida. Ga rana irin tamu, ga ƙaya, ga kunama, ga busassun rafuka. Har guguwar ƙurar da kan rufe birnin Finiks gabanin ruwa, habub suke ce mata, sunan da aka aro daga Larabcin Sudan. Sai mutum ya bugi ƙirji ya ce, ni da na tashi da zafin Kano na Afrilu, me kuma za a nuna mini? A 2023 Finiks ta jera kwana 31 kullum sai zafi ya kai digiri 43 ko ya haura. Kuma ka tuna, sanin da muka yi wa zafi sanin guje masa ne. Idan rana ta take, kowa yana zaure ko gindin darbejiya. Ba ka taɓa ganin kakanka ya nufi dutse da azahar don nishaɗi ba.

Na san Girand Kanyon ne ya fi jan ku, kuma ya isa ya ja. Kwazazzabo ne da kogin Kolorado ya ƙwaƙule, tsawonsa kilomita 446, zurfinsa a wasu wurare ya zarce mita 1,800. A 1919 gwamnatinsu ta mai da shi gandun shaƙatawa na ƙasa. Ranar da na fara leƙa shi daga bakinsa na kudu, ban san lokacin da na ce Allahu Akbar da ƙarfi ba, har Turawan da ke gefena suka waiwayo. Hoto ba ya ɗaukarsa. Duwatsun hawa-hawa ne, ja da ruwan ƙasa da fari, launinsu yana sauyawa yadda rana take tafiya, kogin kuma can ƙasa kamar zare.

To ga inda na yi wauta. Bakin kwazazzabon yana kan tudu mai tsayin mita 2,100, iska mai daɗi tana kaɗawa da safe. Na ɗauki gorar ruwa ɗaya na bi hanyar Kaibab ta kudu, wadda babu famfo ko ɗaya a kanta. Gangara ba wuya, ina ta sauri har ina wuce mutane. Ban lura cewa wurin kamar Dala ne aka kife ba: a Dala wahalar ce a farko, saukowa hutu, a nan daɗin ne a farko, bashin kuma sai ka juyo. Kana ƙara nutsawa zafi yana ƙaruwa, can ƙasan yakan wuce digiri 43 a irin watan da za ku je. Da na juyo, ruwana ya ƙare, cinyoyina suka ɗaure, bakina kamar na tauna alli. Wata tsohuwa mai sanduna biyu, wadda na wuce ɗazu ina mata kallon tausayi, ita ta zaunar da ni a inuwar wani dutse, ta ba ni ruwa da gyaɗa mai gishiri, ta hana ni motsi sai da rana ta yi sanyi. Ita ta koya mini cewa ruwa zalla ba ya isa, don gumi yana tafiya da gishirin jiki, kuma hawa yakan ci ninki biyu na lokacin gangara.

Saboda haka ku fita da an sallame asuba, ku juyo kafin hantsi ya dubi ludayi. Ku bi hanyar Bright Angel, ta fi inuwa, akwai wuraren ɗiban ruwa, amma ku tambayi masu gadin wurin ko famfunan suna aiki a ranar. Duk wanda ya ce ku kai kogi ku dawo yini ɗaya, ko shi ne ya biya kuɗin motar, ka ce babanka ya hana. In ayarin alfadarai ya taho, ka raɓe ta jikin dutse, ba ta bakin rami ba. Kuregun wurin sun saba da hannun mutane, suna cizo, kada ka ba su komai. Maganar hoto kuwa, na san ku 'yan zamani: ba hoton da ya kai a ja da baya a bakin rami dominsa.

Idan kun nufi garin Fej za ku so shiga Antelof Kanyon, tsagin dutse siriri wanda haske ke zubowa cikinsa ta sama. Ƙasar Nabaho ce, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, ba a shiga sai da ɗan jagora daga cikinsu. In ya ce yau ba shiga, kada ku yi gardama don kun ga sama garau. A watan Agusta na 1997 ambaliya ta halaka masu yawon buɗe ido 11 a ciki, alhali ruwan da ya haddasa ta a nesa ya sauka. Ka san yadda rafin bayan garinmu kan kwana rairayi ya wayi gari yana jan shanu. Haka abin yake, kuma daga Yuli zuwa Satumba ne daminarsu. Kada ku kafa tanti ko ku ajiye mota a busasshen rafi. Mutanen Nabaho kuma masu gida ne, ba kayan kallo ba. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa.

Wani abin da ya taɓa sa mu asarar kuɗi: yawancin Arizona ba ta sauya agogo da bazara, amma ƙasar Nabaho tana sauyawa, sai ka tarar da tazarar awa guda tsakanin gari da gari. Ka tambayi da wane agogo aka ba ku lokaci. Salla kuwa ka dubi rana, ka yi ƙasarunka.

Sauran wuraren ba sai na tsawaita ba. Sedona jajayen duwatsu ne da tsada. Filagstaf akwai sanyi da dazukan dogayen itatuwa, a gidan duban taurarinta na Lowell aka gano duniyar Fuluto a 1930. Ku kwana can ku ga sama irin ta ƙauye ranar da babu wata. In kun gangara Tusan, ka gaishe mini da saguwaro, wannan dogon tsiro mai ƙaya da yakan haura shekara 150, wanda sai ya kai kusan shekaruna kafin ya fitar da reshe. A dajin itatuwan da suka zama dutse kuma, laifi ne ɗaukar ko ɓallin guda, kada ka ce za ka kawo wa Umma tsaraba.

Da so samu ne ku ɗaga tafiyar zuwa Oktoba, amma na san karatu ba zai bari ba. Ku cika tanki duk inda kuka ga gidan mai, ku ajiye jarkar ruwa a bayan mota, don akwai hanyoyin da za ku daɗe waya ba ta kama ba. Ka kakkaɓe takalminka kullum da safe. Kowane dare ka turo wa Ummanka sunan garin da kuka kwana da wanda za ku nufa. Ta so ta aika maka da kilishi na guzuri, na ce mata kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya shiga, har yanzu ba ta yarda da ni ba. Ka kira ta ka yi mata bayani da kanka.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Mahaifinka.