Gwiwar Inna: wasiƙa daga Agege

Assalamu alaikum ƙawata,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidan da yara. Ya zafin Sakkwato? Na san kin yi fushi, wata huɗu ba ki ji ɗuriyata ba. Ki ji dalili tukuna. Akwai ma tambayar da nake son yi miki, amma bari in fara da Inna.

Gwiwarta ta dama ta matsa mata ƙwarai tun bayan babbar Salla. Yanzu a kan kujera take salla. Ranar da ta fara, na shiga na tarar tana share hawaye, wai tun tana yarinya goshinta ke taɓa ƙasa, yau ga ta zaune kamar baƙuwa. Wallahi sai da na fita tsakar gida na yi nawa kukan. Kin san benenmu, ta daina sauka ko da suna ake yi a maƙwabta. Hoton ƙashi ya nuna guringuntsin ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi. Ita dai sanyi take ce masa.

Ana haka sai Yaya ya zo da labari daga kasuwar Mile 12. Wani abokin cinikinsa ya ce akwai asibitin kuɗi can tsallaken gada da ke yin allurar Botox a gwiwa, wai in an yi sau ɗaya ciwo ya tafi ke nan. Kin san Yaya in a kan Inna ne, har ya fara lissafin buhunan albasar da zai sayar. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba, sai na riƙe maganar har ranar komawarmu asibitin ƙashi na Igbobi. Da asuba muka fito, duk da haka cunkoson Oshodi bai ƙyale mu ba.

Likitan, Allah ya saka masa, ya zauna ya warware mana. Ashe Botox ɗin dafi ne da wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum ke fitarwa, irin wanda kan kashe mutum in ya ci abincin gwangwani da ya lalace. Tace shi ake yi, a ɗebi ɗan mitsitsi. Aikinsa shi ne ya hana jijiya kai saƙo ga tsoka, sai tsokar ta saki, bayan wata uku zuwa huɗu kuma ƙarfinsa ya ƙare. A Amurka an fara amincewa da shi a 1989 don masu harara-garke, sai a 2002 don tamojin goshi na tsakanin gira, shi ya sa 'yan gayu suka san shi. Ke kuma kada in ji kin ce za ki gwada, tamojin goshinki na ɗaure wa 'yan makarantarki fuska ne, ba allurar da za ta goge shi!

A gwiwa kuwa, ana zaton yana rage saƙon ciwo da ke fita daga cikin gaɓar. An gwada, wasu sun ɗan ji sauƙi, amma a wasu gwaje-gwajen bai fi allurar ruwan gishiri ba. A 2019 ƙungiyar likitocin ciwon gaɓɓai ta Amurka ta ba da shawarar a bar yin ta a gwiwa da ƙugu. Kuma ko ta yi aiki, ba ta mayar da guringuntsin da ya tafi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ya ce duk kilo ɗaya da Inna ta rage, kamar an sauke wa gwiwar kilo huɗu ne a kowane taku. Ya tura mu sashen gashi don a ƙarfafa tsokar cinya, ya ce ta riƙe sanda a hannun hagu, ta koma man shafawa, ta bar ƙwayar diclofenac ɗin da take aikawa kemis a sayo mata, don tana cin ciki da ƙoda. Burodin Agege da shayi mai kauri na dare ma an sa masa iyaka.

Yaya bai ji daɗi ba. Ya ce ina ƙyashin kuɗi a kan uwarmu. Maganar nan ta yi mini zafi har yau, kwana goma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na san tausayi ne ya sa shi, amma ba zan so a soka wa Inna abin da ba a tabbatar ba, bayan wata huɗu a ce a sake kawo kuɗi.

Af, Auta ta samu miji! Ɗan gidan mai goron nan ne na bayan masallaci, wanda kika ce ba ya iya gaisuwa. An kawo kuɗin gaisuwa makon jiya, biki bayan azumi in Allah ya kai mu. Ki fara tanadin kuɗin mota, ba na karɓar uzuri.

Tambayar ta kwanta mini, in na tuna zan turo. Amma don Allah ki kira Inna ranar Juma'a. Ta ƙi sandar, wai ba ta tsufa ba, ta jingine ta bayan ƙofa. Tana jin maganarki fiye da tamu. Ki sako zancen a hankali, kada ki ce ni na sa ki.

Ki gaida Hajiya da jiki.

Taki har kullum.