Kafin a ba mu bindiga, a duba abin da yaranmu ke haɗiya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina fatan kana lafiya da kai da sauran ma'aikata, Allah ya ƙara basira. Ni mai kemis ne a Gusau, shekarata goma sha tara a wannan sana'a, kuma ban taɓa rubuto wa jarida ba sai yau, don haka a yi haƙuri in rubutun ya zo a karkace. Abinda ya tunzura ni wata gardama ce da aka tafka a bencin ƙofar shagona ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar, tsakanin wasu samari biyu 'yan boko. Ɗaya yana cewa wai lokaci yayi da Najeriya zata halatta wiwi kamar yadda Kanada tayi a 2018, ɗayan kuma yace shi ba wiwi bace damuwarsa, a bar kowa ya mallaki bindiga kamar Amurka, ɓarayin daji su gane shayi ruwa ne. Haka suka yi ta ɗaga jijiyar wuya har aka kira magariba, ni dai ina ciki ina ƙirga ma wata mata farasitamol ina jinsu, kuma abinda ya tsaya min a rai shine kowannensu yana magana kamar zancen ƙwaya daban, zancen bindiga daban. To ni a inda nake zaune abu ɗaya ne wallahi.

Bari in fara da kaina don kar ace ina wanke hannu. Kafin 2018 na sayar da kodin, ba zan yi ƙarya ba, kwali-kwali muke sarowa daga Sabon Gari a Kano, kuma mun san sarai ba tari ne ke damun yaron da zai zo ya sayi kwalba uku da lemon kwalba ɗaya ba. Har da 'yan mata da matan aure, a aiko almajiri da kuɗi a dunƙule a hannu. Sai da BBC ta fitar da rahoton nan nata na asiri kan shan kodin a Najeriya sannan ministan lafiya na lokacin Isaac Adewole ya sanar da hana shigo da shi da haɗa shi a watan Mayun 2018. Ni a ranar na daina, amma ba tsoron gwamnati ne kaɗai ya hana ni ba, ɗan yayana ne. Yaro mai ƙoƙari, ya gama sakandare da sakamako mai kyau, ya fara da kodin ya koma tiramol, ba irin mai ƙarfin miligiram 50 ko 100 da doka ta sani ba, wannan mai 225 ɗin da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya. Wata rana yana kan mashin jijjiga ta kama shi kamar mai farfaɗiya, ya faɗi a titi, Allah ne dai yayi da sauran kwana. Mutane da yawa basu san tiramol mai yawa na kawo jijjiga ba, kuma shi da kodin duka suna danne numfashi, in aka haɗa da roci ko diyazifam sai mutum ya kwanta barci a wayi gari sai gawa, a ce ai lokaci ne yayi. Eh lokaci ne, amma da sanadi.

Daga nan muka shiga neman inda za mu kai shi, kuma nan ne na gane inda gizo ke saƙar. Gidan mari aka fara kai shi, uwarsa tana kuka, aka sa mishi sasari wata biyar ya dawo da tabo a ƙafa da ƙiyayyar kowa a zuciya, sati biyu ya koma ruwa. Kowa ya tuna abinda 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, mutum sama da 300 a gida ɗaya wasu a ɗaure, daga baya aka sake ganin irinsa a Daura. An rufe, an yi ta Allah wadai, toh amma iyaye ina zasu kai yaransu? Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a yankinmu sai ka je Kware a Sakkwato ko Barnawa a Kaduna, ko ka nufi Dawanau a Kano, ga kuɗin mota ga kuɗin gado ga hanyar ita kanta da sai ka yi addu'a kafin ka hau. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin ƙasar nan basu kai 300 ba, mu kuma mun haura miliyan 200.

Shi yasa in naji ana cewa a halatta wiwi sai in tambaya, a halatta a kan wane shiri? Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa tayi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Najeriya, miliyan 10.6 daga ciki wiwi suke sha, kuma cikin duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Wannan fa tana haramce kenan. Marigayi gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu yaje har Tailan a 2019 ya dawo yana cewa a bari a noma ta don magani da samun kuɗin shiga, wasu 'yan majalisar wakilai ma sun kawo ƙudiri, Buba Marwa na NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, yace atafau. To ita Tailan ɗin da akaje koyo, ta saki wiwi a 2022, shaguna suka cika gari, a 2025 ta dawo tace sai da takardar likita. Jihar Oregon a Amurka ta kaɗa ƙuri'a a 2020 cewa wanda aka kama da 'yar ƙwaya kaɗan ba za'a ɗaure shi ba, tarar dala 100 ce kawai ko ya buga waya a bashi shawara, kafin shekara huɗu suka janye a 2024 saboda abin ya fi ƙarfinsu a kan tituna. Waɗannan fa masu kuɗi ne da asibitoci.

Amma kar yaron nan ɗan boko mai son a halatta wiwi yace na danne mishi gaskiya, yana da magana a wani wurin. Fotugal tun 2001 ta daina ɗaure mai shan ƙwaya, kuma abin yayi musu aiki. Sai dai mutane na cakuɗa abu biyu, ba halattawa suka yi ba, dila har gobe in an kama shi gidan yari zashi, shi mai shan ne ake turawa gaban wani kwamiti da ya haɗa da ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a a nema mishi magani. Wannan ni na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Me aka ƙaru da shi in an kama yaro da ƙulli ɗaya an jefa shi kurkuku shekara biyu yana jiran shari'a, ya shiga yana ɗan wiwi ya fito ya san lambar wayar masu satar shanu? Mashayi mara lafiya ne, mai kawo kwantena daga waje shine mai laifi, kuma shi ba'a cika ganinsa a bayan motar sintiri ba. Masu cewa wiwi ganye ce kawai kuma su zo su ga samarin da suka fara ta tun suna shekara goma sha huɗu, yanzu suna tsintar leda suna surutu su kaɗai. Ba kowa take haukatawa ba, gaskiya ne, amma wa zai gaya min tun farko ɗan wa zata ɗauka?

Toh yanzu bindiga. Nan kam ni ba baƙo bane, a Zamfara nake, kuma duk wanda yace bai fahimci mai neman bindiga ba to ba'a taɓa ɗauke mishi ɗan uwa ba. Mun sayar da gona mun biya kuɗin fansa a danginmu, na san zafin. T.Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo a 2018 cewa mutane su kare kansu, Masari ya maimaita a Katsina a 2021, sannan a watan Yunin 2022 gwamnatin Matawalle tace kowa ya nemi lasisin bindiga, har akace za'a raba fam 500 ga kowace masarauta cikin 19. Babban hafsan tsaro na lokacin Lucky Irabor ya fito yace gwamna bashi da wannan hurumin. Ranar da aka yi sanarwar nan murna akeyi a majalisarmu, ni kuwa gabana ne ya faɗi, don na san su waye zasu fara layin karɓar fam. Ba dattijon ƙauye da aka kora daga gonarsa bane, shi kuɗin bindigar ma bashi da su. Yaran 'yan siyasa ne, waɗanda ake saya wa ƙwaya a buhu lokacin kamfen, na sansu sun sanni, wasu ma sun daina gaishe ni tun da na hana su kaya.

Abin mamaki dokar bindiga tamu ta 1959 ta hango wannan. A ciki an rubuta ba za'a ba yaro ƙasa da shekara 17 lasisi ba, ko mai taɓin hankali, ko wanda aka sani da shaye-shaye, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ita ma Amurkan da ake ta kafa hujja da ita, fam ɗin sayen bindiga yana tambayarka ko kana shan ƙwaya, kuma a kan ƙaryar da yayi a wannan tambayar ne kotu ta kama Hunter ɗan shugaban Amurka na lokacin Biden da laifi a 2024, kafin uban ya yafe mishi. Duk da wannan tacewar, a 2021 mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe a can, fiye da rabi kuma su suka harbe kansu. Samarinmu sun ɗauka bindigar gida ɓarawo take jira. Galibi ranar ɓacin rai take jira, rikicin gado, rikicin kan iyakar gona, miji da mata, ko yaro ya caku ya dawo gida uwarsa ta hana shi kuɗi. Mu da wuƙa da gora ma ya muka ƙare da 'yan daba a Kano da kalare a Gombe da sara-suka a Bauchi, balle harsashi?

Kuma mun riga mun gwada a nan. 'Yan sa-kai sun taso ne da niyyar kare gari, wasu sun yi aikin Allah, amma kowa a Zamfara ya san yadda kashe Fulani a kasuwanni ba shari'a ya ƙara rura wutar da muke ciki har yau. Su kuma na dajin, ai ba da ruwan shayi suke aikin da suke yi ba, sau nawa ake kama masu kai musu tiramol da wiwi tare da burodi da fetur? Hanyar da ƙwaya ke bi ta shiga daji ita harsashi ke bi. Ana kukan targaɗe kuma sai a ce a kawo karaya.

Ba cewa nake a bar mutane hannu rabbana ba. Askarawa, wato jami'an tsaron jiha da gwamnan Zamfara Dauda Lawal ya ƙaddamar a farkon 2024, da irin nasu na Katsina da Dikko Raɗɗa ya kafa a 2023, ko ba komai akwai suna a rubuce, akwai albashi, akwai wanda za'a tambaya in an yi ɓarna, ya fi a ce kowa ya je ya sayo tasa. Abinda nake roƙo shine duk wanda za'a damƙa wa makami, askar ne ko ɗan banga ko ɗan sanda, a gwada fitsarinsa kafin a bashi, a kuma riƙa maimaitawa ba tare da sanarwa ba, abin gwajin nan ba wani tsada ne da shi ba. Wanda aka samu kar a kore shi ya koma daji da horon da aka bashi, a kai shi magani. Sannan mu masu kemis a matsa mana, ni na yarda, duk wanda aka kama da 225 a ƙarƙashin kanta a rufe shagon ko waye ubangidansa.

Ɗan yayan nawa yanzu alhamdulillahi shekara uku kenan bai taɓa komai ba, gyaran waya yake yi, amma sai da aka sayar da shanu biyu aka yi ta zarya da shi asibiti wata da watanni, kuma mutum nawa ne ke da shanu biyun sayarwa?

Malam Edita don Allah ku turo wakilinku ya bincika mana abu biyu ku buga, fam nawa aka cike cikin waɗancan na 2022 kuma su waye suka karɓa, sannan gado nawa gwamnatocin jihohin arewa maso yamma suka tanada don masu son daina shaye-shaye. In ya shigo Gusau ya tambayi masu kemis, zamu bashi labari har ya gaji da rubutu.

Wassalam.

Naku,
wani mai kemis daga Gusau, jihar Zamfara