A Bayyana Ma'anar Kalmomin Da Ake Furtawa A Ajin Yoga

Ya Edita,

Likita ne ya umarce ni da motsa jiki saboda ciwon baya, shi ya sa na shiga wani aji a Abuja da ake koyar da yoga, wato wani nau'in motsa jiki da ya samo asali daga Indiya. Sai dai kullum mai koyarwar takan ce mu haɗa tafukan hannu a ƙirji mu ja sautin "om", alhali lafazi ne mai tsarki a addinin Hindu, kuma jerin motsin da ake kira Surya Namaskar ma'anarsa gaisuwa ga rana. Da na nuna damuwata a matsayina na Musulmi, sai aka ce al'ada ce kawai. Ina roƙon masu waɗannan wurare su riƙa bayyana ma'anar kalmomin kafin mutum ya biya kuɗi, su kuma ƙyale wanda ya zaɓi yin shiru.

Naku,
Mai karatu daga Abuja